Ƙafar Alhaji da Tsutsotsin Auta

Ni dai tun farko ban so karatun tsutsar nan ba, kuma ban ɓoye ma kowa ba. Ɗiyan mutane suna jami'a suna karatun likita, suna karatun lauya, tawa autar, Shamsiyya, ta gama digiri ɗaya ta koma na biyu, wai a kan tsutsa. Tsutsa fa, jama'a! Ba ma wata ta kirki ba, irin wadda ke shiga amya ta cinye saƙar zuma, wadda masu kiwon zuma ke tsine ma safe da yamma. Takanas take hawa babur ɗin haya, kabu-kabu, har Dundaye ta roƙo su wurin wani mai amya, ta kawo su cikin robar man shanuna. In maƙwabtanmu a Ƙofar Atiku sunka tambaye ni mi take karantawa, sai in ce kimiyya, in yi maza in kawo wata hirar.

Ubanta kuwa ba ka raba shi da zancen. Alhaji Mode ke nan, dillalin shanu a kara, kasuwar dabbobi, mijina tun ina yarinya. Ban saba kama sunanshi ba, yanzu ma don ku san wa nake nufi ne. Mutum ne mai faɗi, mai dariya, mai taurin kan da ban taɓa ganin irinshi ba, kuma ciwon suga ya daɗe da kama shi bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, ina tsince shinkafa, ya ce mata, "Auta, zo ki hwaɗa min gaskiya. Tsutsotsin ga naki, mi suka yi miki?"

Ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da shi, ta buɗe wayarta. Ni ma na leƙa, don kada a ce ban gani ba. Wasu 'yan ɗige-ɗige ne ke yawo cikin ruwa, ta ce da madubin da ke ƙara girman abu ta ɗauko hoton.

"Baba, wannan jinin tsutsa ne. Ka ga waɗannan manyan? Su ne sojojin jininta, irin waɗanda muke da su a namu jikin. Ƙananan nan kuma ƙwayoyin cuta ne, bakteriya, ni na sa mata su da allura. In ƙwayoyin kaɗan ne, sojojin haɗiye su suke yi. In sun yi yawa, sai su taru su kewaye su, wani kan wani, su rufe su ruf. Daga nan wurin ya yi baƙi, su mutu tare da abin da sunka rufe."

"Su mutu?"

"Na cikin dai. In sun ci nasara, za ka ga tsutsar da 'yan ɗigon baƙi a jiki, amma tana motsi tana cin abincinta. In cutar ta fi ƙarfinsu, baƙin ya bi jikinta duka, ta mutu. Shi ya sa ake gwada magani a kansu kafin a kai ga mutum. A sa musu cuta, a sa musu magani, a zuba ido."

Alhaji ya bugi cinyarshi har hularshi ta karkace. "Kai! Ai wanga aikinmu na! Ashatu, kin ji? Mu a kara, in anka kawo sabon magani, wa ka fara shi da babban sa? Sai dai a nemo ramammen maraƙi a gwada, in ya tashi a ba manya. Ashe ɗiyata sana'ata ta gada, turanci kawai ta ƙara mata."

Na ce, "Madalla. Sai ka buɗe mata rumfa a kara ta riƙa dillancin tsutsa." Sunka yi ta dariya su biyu, ni na ci gaba da shinkafata.

Da damina ta faɗi, wani bijimi da anka sauke daga mota ya taka mishi ƙafar hagu. Kofaton ya tsaga fata daga ɗan yatsa zuwa tsakiyar ƙafa, a cikin taɓo da kashin shanu. Ya dawo gida yana ɗingishi yana dariya, wai sa ya gaishe shi. Na ce mu tahi asibiti. Ya dube ni kamar na zage shi.

Ku da ba ku zauna da mutanen kara ba, ba za ku gane ba. Maganin dabba shi ne maganinsu. In zazzaɓi ya kama ɗayansu, kwalbar allurar shanu za a ɗauko, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, a rage yawanta a tsira mishi. In rauni ne, a fesa mishi shuɗin da ake fesa ma gyambon saniya. Suna cewa abin da ya tada sa mai tozo, ɗan Adam guda nawa yake? Shekara da shekaru Alhaji yana haka, abokinshi Tambari ke yi mishi allurar a zaure. Na yi faɗa har na gaji, Shamsiyya ta yi bayani har da kuka, ta ce ƙwayoyin cuta sabawa suke yi da magani in ana ba su shi barkatai. Sai ya ce to, gobe kuma in ga Tambari ya shigo da kwalba a aljihu.

Wannan karon ma haka anka yi. Ƙafa ta yi shuɗi da feshi, anka ɗaure da tsumma, ya koma kara. Sai ta kumbura. Sai ta fara wari, warin da turaren wuta bai iya rufewa. Ranar da ya kasa taka ta zuwa masallaci, ban ƙara neman shawararshi ba, na aika anka kira mai mota.

A asibiti sunka wanke raunin, sunka ɗebi mugunya sunka kai gwaji, sunka sa mishi ƙarin ruwa da allurai. Ƙafar ba ta ko gezau ba. Likitan, wani dogo mai magana a hankali, ya tara mu a bakin gado, ni da Shamsiyya, ya ce ma Alhaji ƙwayar cutar da ke cikin raunin ta saba da kusan duk maganin da suke da shi. Saura guda ɗaya mai ƙarfi, sun fara ba shi, amma naman yatsun ya riga ya mutu, jini ba ya kai maganin wurin. Ya ce shawararshi a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma a yi da wuri, kafin cutar ta shiga jini.

Wallahi ko daƙiƙa ban yi ba na zaɓa. Miji mai ƙafa ɗaya ai miji ne. Na ce, "Likita, a yanke."

Alhaji ya ce, "Ƙafarki ta?"

"Alhaji, don girman Allah."

"Dillali da sanda a hammata, shina bin shanu? Wa ya taɓa gani?" Ya ɗaga kai ya kalli silin, can sai na ga fuskarshi ta washe, irin washewar da take yi in ya hango riba a jikin saniyar da kowa ya raina. Ya juya wurin ɗiyarshi. "Auta, ciwon ga nawa, ana iya sa ma tsutsotsinki shi?"

Ta ce, "Baba..."

"Ana iyawa ko ba a iyawa?"

"Ana iyawa, amma ba haka ake..."

"To, shi ke nan. Ki ɗebi ciwona ki sa musu. Ki sa musu maganin ga mai ƙarfi da likita ya hwaɗi. In sun mutu, na sallama ƙafa. In sun tashi, ni ma ina tashi. Ba a fara wuƙa da babban sa sai an gwada a ƙarami."

Likita ya yi mishi bayani da ladabi, ya ce tsutsa ba ta da ciwon suga, ba ta da mataccen nama, abin da ya faru a jikinta ba shi zai faru a ƙafar mutum ba. Shamsiyya ta durƙusa ta riƙe ƙarfen gado ta ce, "Baba, aikina bincike ne, ba a yanke ma mara lafiya hukunci da shi. Kuma sai an raini ƙwayar ta yi yawa, a yi allura, a jira. Kwanaki zai ci. Ba ka da kwanakin nan."

Ya shafa kanta. "Ke da bakinki kinka ce a kansu ake gwadawa kafin mutum. Ko ƙarya kinka yi min?"

"Ba ƙarya ba ne."

"To, tahi ki yi aikinki. Ni na yarda da aikinki ko da uwarki ba ta yarda ba."

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mishi murya gaban mutane. Na ce son kai ne, na ce zai mayar da ni bazawara da tsufana saboda tsutsa, na ce ya ɗora ma yarinya kayan da ya fi ƙarfin wuyanta. Masu jinyar sauran gadajen sunka juyo suna kallonmu. Ya bari na gama, ya ce in miƙo mishi ruwa. Na aika anka kira Tambari ko zai ji maganarshi, shi kuwa ya zo ya tsaya yana gyaɗa kai, wai ai maganar Alhaji a kan hanya take, haka ake yi. Da ina da ƙarfi da na rufe shi da duka a wurin. Likita ya ce ba ya iya taɓa ƙafar mutum mai hankalinshi sai da yardarshi.

Na ja Shamsiyya waje, ƙarƙashin wata dalbejiya inda mata ke wanke kwanonin jinya. Na ce, "Ke, saurara. Gobe da safe ki nemo matattun tsutsotsi baƙaƙe, ko na wane ciwo ne, ki kawo mishi ki ce ga sakamako."

Ta zaro ido. "Inna, in yi ma Baba ƙarya?"

"Ki yi mishi goma ma."

"Ban taɓa ba. Kuma na riga na gaya mishi kwanaki zai ci. Bari in yi na gaskiya da sauri, na tabbata mutuwa za su yi, in ya gani da idonshi zai yarda."

Na ce Allah ya shirye ku ke da ubanki, halinku ɗaya. Ta tahi ta nemi izinin malaminta da na likita, anka ba ta ƙwayar daga wurin gwajin asibiti.

Kwanakin da sunka biyo baya, Allah kada ya maimaita min irinsu. Kullum da safe in nas ta kwance bandeji, sai in ga baƙin ya ƙara hawa, daga yatsu ya kai tsakiyar ƙafa, daga nan ya doshi idon sawu. Zazzaɓi na zuwa ya kaɗa shi har gadon na ƙara, ya sake shi ya jiƙe da zufa. In ya samu sauƙi sai ya hau ba maƙwabcin gadonshi labari, wai ɗiyarshi tana can tana gwada mishi magani, ita kaɗai ke da irin wannan ilimin a duk Sakkwato. Ina zaune ina fifita shi, ina jin kamar in toshe mishi baki, ina kuma jin tausayinshi har cikin ƙashina.

Shamsiyya takan zo da azahar, idanunta jajir, ta ba shi rahoto. Ƙwayar ta tsiro. An yi allura, tsutsa goma a faranti ɗaya, an bi su da maganin. Suna cikin akwati mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum. Yakan tambaye ta dalla-dalla, yadda yake tambayar yaran mota lafiyar shanun da sunka kwana a hanya. Suna ci? Suna motsi? Sojojin nan sun fara taruwa? Ta ce sun fara, ta ɗebi jinin wasu daga wani farantin ta duba, sojojin sun kewaye ƙwayar amma ƙwayar ta fi su saurin yawa. Ya ce, "A bar su, suna ƙoƙari." Kowace rana kafin ta tahi sai ta ce, "Baba, don Allah kada ka jira ni." Kowace rana ya ce mata ta gaida tsutsotsi.

Ranar da ta zo da sakamakon, na fito zubar da ruwa na gan ta tsaye a baranda, ta jingina da bango, ta rungume jakarta. Da ganin fuskarta na san akwai magana. Ta fiddo ɗan farantin roba mai murfi ta miƙo min.

Ga su nan kwance, baƙaƙe ƙirin, sun saki, ba ka cewa su ne fararen nan masu ƙiba da take kawowa daga Dundaye. Na ce alhamdu lillahi, Allah ya gafarta min, murna na yi da mutuwarsu. Sai na ga ɗaya a gefe ta ɗaga kai. Fara ce har yanzu, da 'yan ɗigon baƙi a bayanta, tana jan jiki tana neman hanyar fita.

Shamsiyya ta ce, "Nata sojojin sun rufe cutar. Tara sun mutu, Inna, ma'anarshi maganin bai yi ba. Amma kin san Baba. Wannan ɗayar zai gani."

"Cire ta."

"Inna..."

"Shamsiyya, yau da safe baƙin ya wuce idon sawu. Cire ta, ko in sa yatsa in murtsuke ta a gabanki."

Ta tsaya tana kallona, hawaye na zuba. Sannan ta buɗe murfin, ta sa ɗan tsinke ta ɗauke mai ran, ta saka ta a wata ƙaramar kwalba ta jefa cikin jaka. Ta share fuska da gefen hijabi, munka shiga.

Alhaji ya sa na tada shi zaune. Ya karɓi farantin da hannu biyu, ya kawo shi kusa da fuska, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗan girgiza shi, ba abin da ya motsa.

"Duka sunka tahi, Auta?"

Ta sunkuyar da kai. "Duka, Baba."

Ya dube ta, ya sake duban farantin. Ya rufe murfin a hankali ya miƙa mata. "Allah sarki. Sun yi iyakar yinsu. To, magana ɗaya ce, na sallama. Tahi ki kira likita."

Ta fita da gudu. Ni kuwa na zauna a bakin gado, ina ta godiya ga Allah. Sai na ji ya kamo gefen zanena.

"Ashatu."

"Na'am, Alhaji."

"Tara ta."

Ashe ya ƙidaya tsutsotsin. Mu duka biyu, da wayona da iliminta, mun manta wa muke ma dabara. Mutumin da ke tsayawa a bakin mota ya dubi shanu sau ɗaya ya ce saura guda, shi munka kawo ma tara a wurin goma.

Na fara kame-kame, ya ɗaga min hannu. "Bari. Na san aikinki na, ita ba ta iya ba, kin ga yadda muryarta ke rawa. Yarinyar ga tun tana rarrafe ba ta taɓa min ƙarya ba. In har na kai ta ga haka, to na matsa mata da yawa. Ƙafa ba ta kai nan ba, a yanke." Ya numfasa, ya ƙara riƙe zanen. "Amma kada ki hwaɗa mata na ƙidaya. Kunyata za ta riƙa ji, ni kuwa ban so ɗiyata ta riƙa sunkuyar da kai in ta gan ni. Amana na ba ki."

Na ce na karɓa. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ita ɗayar, tana da ƙiba?" Na ce mishi wallahi kai dai ba ka da dama, na fashe da kuka, yana min dariya.

Washegari anka shiga da shi tiyata. Ya fito da rai, ya farfaɗo, har ya dubi inda bargo ya kwanta shafe ya ce a gaya ma Tambari ya sassaƙo mishi sanda mai kyau. Na ɗauka mun tsallake. Amma zazzaɓin bai sauka ba, sai ma ya ƙaru. Numfashinshi ya koma sama-sama, fitsari ya ɗauke, ya fara kiran sunayen shanun da ya sayar tun muna amare. Likita ya kira ni gefe ya ce abin da yake tsoro ya faru, cutar ta riga ta shiga jini tun kafin a yi aikin. Sunka yi duk abin da za su iya, ni shaida ce. Ranar Alhamis da hantsi, ina riƙe da hannunshi, Shamsiyya na tofa mishi addu'a, Allah ya karɓi abinshi.

Ba zan iya gaya muku yadda na ji ba. Mutumin da na yi shekaru ina faɗa da shi a kan gishiri, a kan allura, a kan komai, sai ga gida ba wanda zan yi faɗa da shi. Har yau in anka turo ƙofar zaure da ƙarfi, sai na ɗaga kai.

Amma ni babba ce, kuma na yi kukana a fili, na ji sauƙin da ake ji. Shamsiyya ce ta ba ni tsoro. Ba ta yi kuka a zaman makoki ba. Tana gaida mutane, tana kai ruwa, tana kwashe tabarmi, fuskarta ba komai. Da anka watse ta shige ɗaki. Ba ta koma makaranta ba, malaminta ya yi ta kira ba ta ɗauka. Abinci sai na tsaya a kanta take cin loma biyu. Ina cikin takaba, ba fita nake ba, ina kallon ɗiyata tana ƙarewa a gabana.

Wata safiya na shiga ɗakinta da kunu na tarar da ita zaune a ƙasa, ƙaramar kwalbar nan a gabanta. Ashe ba ta yar ba. Ta huda murfin, ta sa mata ɗan ɓallin saƙar zuma. Tsutsar ta naɗe kanta cikin farin zare a gefen kwalbar.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ta warke, Inna. Ta ci, ta ƙoshi, ga ta nan za ta yi fiffike."

Na ce, "To, sai mi? Ba ke kinka ce tsutsa ba mutum ba ce?"

"Na sani. Da kaina na sani, amma zuciyata ta ƙi ji." Sai muryarta ta karye. "Ta ko'ina na duba, ni ce. In jinkiri ne ya kashe shi, tsutsotsina ya jira. In kuma aikin ne ya ƙarasa shi, da ƙaryata ya shiga ɗakin. Ya tambaye ni, Inna, ya dubi idona ya ce duka? Na ce duka. Ya yarda da ni, ya ba da ƙafarshi, ya mutu bai san na cuce shi ba. Ko gafara ban nema ba."

Nan kukan da ta riƙe tun ranar Alhamis ɗin ya ɓalle. Ta kifa kai a cinyata tana shessheƙa, jikinta duk ƙashi. Na tuna amanar da na karɓa. Na ce a raina, Alhaji, ka yafe min, kai kunyarta ka guda, ni kuwa ranta nake gudu. In ka ga dama ka riƙe ni a lahira, ai mun saba.

Na ɗago fuskarta da hannuna na ce, "Ke, dube ni. Ubanki ya sani."

Ta tsaya da kukan.

"Ya ƙidaya. Kina fita kiran likita ya ce min tara ce. Ba ki ruɗe shi ba, ba a taɓa ruɗin shi da lissafin kai ba. Ya ce yarinyar da ba ta taɓa mishi ƙarya ba, in har ya kai ta ga haka, ƙafa ba ta kai nan ba. Da idonshi buɗe ya sallama, saboda ke. Shi ya hana ni gaya miki, don kada ki ji kunyarshi."

Na zuba mata ido ina jiran in ga nauyin ya sauka. Na ga kafaɗunta sun ɗan saki, ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Na ce alhamdu lillahi, na yi daidai. Na ɗauko kofin kunun zan miƙa mata.

Sai ta buɗe ido. Ta dube ni wani irin kallo, a hankali, irin na mai haɗa lissafi.

"Ashe ba tsutsotsin sunka sa ya yarda ba."

"Ke ce, na gaya miki."

"To Inna, ranar da kinka ce in kawo mishi matattu da safe, baƙin bai wuce yatsu ba." Muryarta ta yi ƙasa har da ƙyar nake ji. "Da na yi mishi ƙaryar tun ranar, da ya gane, da ya yarda ke nan?"

Na buɗe baki in ce mata a'a, in ce kwana ne ya ƙare, in ce duk abin da uwa ke cewa. Kofin na hannuna yana zuba a kan zanena ban sani ba. Amma ni ma tambayar da nake kwana da ita ke nan tun ranar da anka kai shi makwancinshi.